Kan Mu'awiya

Gora ta uku ce ta fasa wa Mu'awiya baki. Ya tofar da haƙori a kan geron da ya zube tsakiyar kasuwar Bukkuyum, rana tsaka, hannayensa ɗaure ta baya. Ko a kwance, kansa bai bar halinsa na ƙirga ba: bindigogin 'yan sa-kai sha tara ne suka kewaye shi.

Laifinsa riba. Duk yankin an san kan Mu'awiya. Kafin dillali ya gama latse-latsen waya, shi ya faɗi kuɗin buhu saba'in har da ladan dako. Ya yi imani kan nan ne ke ci da shi, har yakan tsokani abokin cinikinsa Murtala, wanda canjin dubu ɗaya ke sa shi gumi. Murtala sai dai murmushi, leɓe na motsi, babban yatsa na bin gaɓoɓin sauran. Mutumin tasbihi ne.

Sai dai bana ribar ta yi yawa. Mu'awiya ya kwashe geronsa daga Nasarawa Burkullu ana gobe 'yan bindiga za su ƙone rumbunan garin. Ya sayi wake da arha, ba a jima ba suka tare hanyar Gummi, farashi ya ninka. 'Yan sa-kai suka ce lissafi ba ya jiyo ƙarar babur daga daji.

"Wa ka ba ka labari?" in ji shugabansu, takalminsa a wuyan Mu'awiya.

"Wallahi lissahi na! Kaina na!"

Aka sauke masa gindin bindiga a kunne, jini ya bi wuyan riga. Bai ambaci Murtala ba. Don me zai jawo wa bawan Allah masifa, don kawai yakan ce, "Geron ga, jikina bai ba ni shi kwana can ba"?

Wani ya fara wasa wuƙa a kan dutse. Mata suka kau da kai. Tsoro na gaske ya kama Mu'awiya, ya tuna matarsa Hafiza da cikinta ya tsufa.

Da idonsa ɗaya da bai kumbura ba ya hango Murtala a gefen taro, hawaye shaɓe-shaɓe, leɓe na motsi, yatsa na tafiya. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ko ba komai, akwai mai kai kukansa ga Allah.

Aka damƙo gashinsa, aka ɗaga haɓarsa. Kan nan nasa, da ba ya ganin abu bai ƙirga ba, ya bi yatsan gaɓa bayan gaɓa har ya tsaya. Murtala ya share hawaye, ya laluba wayarsa a aljihu, ya juya ya bi lungun masu goro.

Tasbihi talatin da uku ne, amma yatsan Murtala a sha tara ya tsaya.