Ƙugiyar Da Ta Juya Baya

Ƙugiyar harafin Ƙ ta juya baya. Abin da ta fara lura da shi ke nan a ƙirjin rigar da manajan talla ya shimfiɗa kan teburin taro: MUN ƘI.

Mutum ɗaya ta sani mai rubuta harafin haka, yayanta. Shi ya fesa kalmomin a katangar wannan kamfanin tufafin shekara uku baya, ranar da matasa suka yi bore kan korar ma'aikata, masu gadi suka karya masa hannu.

"Yara za su yi rububinta," in ji manajan. "Ke mai digiri, rubuto mana tallar."

Ita da ba a taɓa jin muryarta a taro ba, ta miƙe. "Ranka ya daɗe, wannan sata ce. Rubutun yayana ne."

"Sata?" Ya tuntsire da dariya, ya turo mata takardar yarjejeniya. "Karanta ƙasa."

Sama da sa hannun, an rubuta da biro: *Na miƙa haƙƙina.* Ƙugiyoyin uku duk sun juya baya.

Ta ajiye katin aikinta kan rigar, ta ja ƙofar a hankali.