Abin da Mita Ta Nuna

Ranar ɗaya ga wata, tun kafin ya karya, Malamin Lissafi ya tsaya gaban mitar wuta da biro a bayan kunne. Ya kwafe lambobin a littafi, ya ja musu layi biyu.

Matarsa ce ta gindaya sharaɗin, a gaban mahaifiyarsa kuwa, ranar da ya shigo gida da motar lantarki. Matar tela ce, ba ta yarda da injin da ba ta jin ƙararsa ba.

"Mota ba ƙara, ba hayaƙi, tana tafiya kamar ɓarawo?" ta ce. "Kuɗin man da kake sha a wata yana sayen yunit ɗari biyu na wuta. In cajinta ya wuce haka, a sayar. Mama, ke ce shaida."

Malam ya bugi ƙirji ya ce ya yarda. Lissafin ba wuya. Gidan yana cin yunit ɗari huɗu a wata. Duk abin da ya hau kai, motar ce ta sha.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, da ya je ɗakin malamai ya zauna da kalkuleta. Ya haɗa girman batir da nisan makaranta da zuwa kasuwa da kai Mama asibiti. Amsa ta fito ɗari biyu da saba'in. Ya sake bugawa sau uku, kalkuleta ta ƙi jin tausayinsa.

Daga ranar ya koma tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya daina kunna sanyi a mota, yakan isa aji riga sharkaf.

A rana ta huɗu mura ta kwantar da shi, dole matar ta kai autarsu makaranta. Tafiyar minti ashirin, sai da ta yi awa biyu. Ta dawo ta jefa makulli a kan tebur.

"Cunkoso," ta ce. "Kujerar ma ba daɗi."

Sai gida ya fara lalacewa. Hitar banɗaki ta mutu, Malam ya koma wanka yana ihu. Na'urar sanyin falo ta yi shiru. Injin wanki ya bi sahu. Matar ta jawo tsohon keken ɗinkinta na ƙafa daga sito, ta ce na wutar yana cin zare. Da Malam ya ce a kira mai gyara, ta harare shi.

"Da wane kuɗin? Ai duk ka zuba a amaryar taka. Sai ƙarshen wata."

Bai ja ba. Hankalinsa yana kan mita. Tsoron lambobin ya sa har ya daina leƙa ta, yakan wuce yana kallon silin.

Ranar talatin Mama ta zo, aka sa mata kujera a baranda. Malam ya matsa gaban mita da littafinsa. Ya karanta, ya ɗebe, ya goge tabarau, ya sake ɗebewa.

Ɗari da talatin kacal ya hau kan ɗari huɗun.

Sai ga malami mai furfura yana rawa a gaban uwarsa. Ya yi musu lacca a kan iya taka birki, ya ce akwai dabarun tuƙin da kalkuleta ba ta sani ba. Matar ta ja dogon tsaki, ta ce sa'a ce kawai, ta shige ciki.

Washegari, yana makaranta, mai gyara ya zo. Ya duba hita, ya duba injin wanki, ya sosa ƙeya. Ya buɗe akwatin makunnan wuta da ke bayan ƙofar ɗakin ɗinki, ya ga uku a kwance. Ya ɗaga su, komai ya tashi.

"Hajiya, ai lafiyarsu ƙalau. Wani ne ya..."

Ta danƙa masa kuɗin aikinsa, ta ƙara da na shan ruwa.

"Ka ce masa waya ce ta ƙone," ta ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ni na kashe su da hannuna. Tunda na ɗanɗana tuƙin motar nan, wallahi ba mai sayar min da ita."