Busasshen Aswaki

Tun da aka kawo sabon gam na liƙe haƙoran tangaran, duk mai irinsu a Funtuwa da aswaki a baki yake kwana, don in haƙora suka daɗe a haɗe ba sa rabuwa.

Ranar farko ta azumi Baba Ilu ya yar da aswakinsa, wai ɗanye ne, makaruhi ga mai azumi. Ya aiki 'yarsa Kande kasuwa ta samo busasshe.

"Baba, don Allah kada ka gyangyaɗa," ta ce.

Layi ya riƙe ta har magariba. Ta dawo da gudu, ta tarar da shi zaune, ido jawur, yana ta danna dabino a kan fararen haƙoransa da suka liƙe.