Inuwar Tsamiyata

Tun da hukuma ta saki na'urar awo mai shawagi kamar shirwa, babu sauran karkatacciyar iyaka a garinmu. Ta ja miƙaƙƙen layi tsakanin gonata da ta maƙwabcina Ɗanbaba. Tsamiyar da ubana ya dasa ta faɗo wajena, amma daga azahar inuwarta wajensa take komawa.

Jiya na shimfiɗa buzuna inda na saba. Na'urar ta hau ƙara a kaina.

"Malam Jatau, ka shigo mini gona," in ji Ɗanbaba, yana miƙe ƙafa.

"Inuwata ce."

"To, naɗe abarka ka tafi da ita mana."

Na je na ɗauko gatari.

Yau kowa yana zaune cikin rana a gefensa. Na'urar ta zo ta dube mu, ta ce, "Daidai."