Lambar Malam Barau Ba Ta Kumburi

Buta, tabarma, allurai sababbi a gwangwani, da kwalin alewa na 'yarsa Baiwa. Su ke nan a bayan keken Malam Barau, mai dispensaren Toranke, yana dawowa daga kwas a Kano.

Maganar likitan kwas ce ta hana shi sukuni tun daga Gaya. Zafin rana yana kashe maganin lambar agana, in ji likitan. Lambar da ba ta kumbura ta bar tabo ba, ba ta kama ba. Barau kuwa shekara da shekaru a aljihun riga yake yawo da nasa maganin. Abin da ya ɗan kwantar masa da hankali shi ne an tura ayarin masu lamba ƙauyuka da magani mai rai.

A bakin rijiya ya tarar da Hansai ungozoma.

"Malam, sannu da hanya! Ka ji agana ta shiga Gafasa, nan kusa da mu?"

"Masu lamba sun zo, Iya?"

"Sun zo, mun kora su! Tasu kumburi take yi, har da zazzaɓi. Muka ce muna da namu malamin, hannunsa sanyi gare shi. Duk yaran garin nan, wa ka taɓa bar wa tabo?"

A gida ya ɗaga hannun Baiwa. Fata sumul, jiki zafi rau.

Ya tura ƙyaure, ya sa sakata.

"Hure," ya ce da matarsa, "daga yau ba mai shiga gidan nan, ba mai fita."