Binciken Kawu

A shekarun nan da aiki ya yi wuyar samu a Ingila, Musbahu yana gadin ƙofar wani kulob a Birmingham, inda 'yan daba ke gudanar da caca a ɓoye a ɗakin ƙasa. Zinatu, wadda yake nema da aure, ta san dai mai gadi ne.

Wata Asabar da la'asar ya same ta a tashar bas.

"Kawunki ya je wurin aikina," in ji shi.

"Bincike ne, Musbahu. Ko a Kano ai sai an bincika kafin a ba da 'ya."

"Da littafi da biro ya samu ogana. Yana tambayarsa su wa nake hulɗa da su, me ake yi a ɗakin ƙasa. Zinatu, mutanen nan ba su san binciken aure ba. Sun ɗauka ɗan sanda na turo musu."

Sai a lokacin ta lura da kumburin gefen idonsa. Ta ɗaga hannu kamar za ta taɓa wurin, sannan ta mayar da shi cikin mayafi.

"Yanzu fa?"

"Guduwa zan yi. Ba zan faɗa miki inda za ni ba, saboda kada su tambaye ki."

Bas ta tsaya. Zinatu ta daɗe tana kallon fuskarsa, tana so ta haddace ta.

"Kawu ya dawo yana ta yabonka," ta ce a hankali. "Har shayi oganka ya ba shi. Ya ce in gaya maka ka turo magabatanka."