Ta Cikin Nan

Sau uku Hayatu yana hawan benen jami'ar yana saukowa, gwiwa na ƙara, takardar da ke hannunsa har ta jiƙe da gumi. Sha biyun rana za a rufe karɓa, ga shi sha ɗaya ta gota.

Zaɓi biyu ne a takardar neman digiri na biyun. Na farko mastar pro: a zauna aji, a ji darasi, a ci jarrabawa, shi ke nan. Na biyu rasharsh, wato bincike, kuma can zuciyarsa take. Littafi tara ya cika a mahautar Garwa, yana rubuta duk tabon da ya gani a huhun shanun da ake kawowa daga garin Bogo. In ya zaɓi aji, sun zama abincin gara.

To amma bincike sai da mai duba aiki, kuma kaf sashen mutum ɗaya ce ta san ciwon huhun shanu. Jan Biro ɗalibai suke ce mata. Sau biyu tana dawo masa da tsarin aikinsa jawur, ta hannun sakatariya, ko ido ba ta haɗawa da shi. Shi kuwa sunanta ma ya gagare shi faɗa. Kai, abin haushi, ƙato da gemunsa!

Madam Edwige, sakatariyar, ta karɓi takardar ta dubi agogo.

"Malam Hayatu, ka zaɓi rasharsh, ka bar layin mai duba aiki fili. Faɗi sunan in rubuta."

Ya nuna ƙofar ofishin Jan Biro da haɓa.

"Ita dai... ta cikin nan."

"Ni ba na rubuta ta cikin nan. Ko suna, ko in sa ka pro. Saura minti biyar."

Littafi tara! Ya yi ajiyar zuciya, zai ce a sa pro ɗin kawai a huta.

Sai ƙofar ta buɗe. Dakta Adawiyya ta fito, ta zare jan biron, ta rubuta sunanta da kanta, ta sa hannu. Sannan ta rusuna masa, kai a ƙasa, ta juya ga sakatariya.

"Madam, bar wahalar da kanki. Shekara talatin da takwas bai faɗe shi ba, ba yau zai fara ba. Mu a wurinmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari."